TOM L. JOHNSON, MAGAJIN GARIN CLEVELAND: ATTAJIRIN DA YA YAƘI BABAKERE



Laccata ta yau a kan wani mutum ce da ya mulki birni guda a ƙasar Amurka daga 1901 zuwa ƙarshen 1909. Sunansa Tom Loftin Johnson, birnin kuwa shi ne Cleveland, cikin jihar Ohio. In na ce magajin gari, kada a ɗauka sarauta nake nufi. Muƙami ne na zaɓe, wanda mai shi ke shugabantar hukumar birni, a wancan lokaci shekara bibbiyu. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa mu da magajin garin da ya rasu fiye da shekara ɗari, a wata uwa duniya. Amsata ita ce, tambayar da wannan mutum ya ƙarar da lafiyarsa da dukiyarsa a kanta tana gaban kowane ma'aikaci da ke zaune a wannan ɗaki. Titi, da ruwan sha, da wutar lantarki, da abin hawa na jama'a, na wane ne? Wa ya kamata ya yanka musu farashi, kuma aljihun wa ribarsu za ta shiga?

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Johnson ran 18 ga Yuli, 1854, kusa da garin Georgetown a jihar Kentucky. Ubansa mai gonakin auduga ne, ya kuma yi hafsa a rundunar Kudu lokacin Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Da Kudu ta sha kashi, gidan ya tsiyace. Ƙarshen yaƙi ya riske su a garin Staunton na jihar Virginia, ba su da ko kuɗin motar komawa gida.

A nan ne yaron, yana da shekara 11, ya koyi darasinsa na farko. Jirgin ƙasa guda ne ke shigowa garin. Kwandastan jirgin ya yi masa alkawarin shi kaɗai zai riƙa kawo wa jaridu, ya sayar yadda ya ga dama. Mutane na ƙishirwar labari, ba kuma wani mai sayarwa. Cikin mako biyar ya tara dala 88, da su iyalin suka bar garin. A littafin tarihin rayuwarsa ya nuna cewa tun daga ranar ya gane inda arziki yake: a sana'ar da ba ka da abokin gasa. Wannan shi muke kira babakere.

Karatunsa na makaranta bai taka kara ya karya ba. A 1869 ya kama aiki a birnin Louisville, a ofishin wani kamfanin taragon birni na iyalin du Pont. Taragon birni shi ne motar haya mai tafiya a kan dogo a tsakiyar titi, da fari alfadarai da dawaki ke jan ta, daga baya aka koma lantarki. Yaron yana da basirar ƙere-ƙere. Ya ƙirƙiro akwatin karɓar kuɗin mota mai gilashi, wanda direba ke ganin abin da fasinja ya jefa a ciki. Da abin da ya samu daga wannan, da kuma taimakon iyayen gidansa, ya sayi layin tarago na birnin Indianapolis a 1876, yana ɗan shekara 22. A 1879 ya shiga Cleveland, inda ya yi karo da Mark Hanna, attajirin da daga baya ya zama sanata kuma jigon jam'iyyar Republican. Sannu a hankali ya mallaki layuka a Detroit da Brooklyn, ya kuma kafa masana'antar ƙera dogon tarago a Johnstown, daga baya a Lorain. Kafin ya cika shekara 40 ya zama hamshaƙin mai kuɗi.

Littafin da Ya Juya Shi

A 1883, yana cikin jirgi tsakanin Indianapolis da Cleveland, wani yaro mai tallar littattafai ya miƙa masa littafin Henry George mai suna Social Problems, watau matsalolin zaman jama'a. Ya ƙi saye. Kwandasta ya sa baki, ya ce ya saya, in bai ji daɗinsa ba shi zai mayar masa da kuɗinsa. Ya karanta, hankalinsa ya tashi. Ya nemo babban littafin George na 1879, Progress and Poverty, watau ci gaba da talauci. Da ya gama, ya kai wa lauyansa, ya ce ya bincika ya nuna masa inda marubucin ya kuskure, don in maganar gaskiya ce to sana'arsa duka ba ta bisa daidai. Lauyan bai iya rushe hujjar ba.

Ya kamata mu tsaya mu fahimci abin da George yake cewa, don shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Mu ɗauka mutum ya sayi fili a bayan gari da kuɗi kaɗan, ya tafi ya kwanta. Bai yi gini ba, bai yi shuka ba. Shekara ashirin suka wuce, jama'a suka ƙaru, hukuma ta shimfiɗa titi, ta ja ruwa, ta gina makaranta, kasuwa ta kafu. Filin nan ya ninka kuɗinsa sau ɗari. To, wa ya haifar da wannan ƙarin daraja? Ba mai filin ba ne, jama'a ce. Saboda haka George ya ce a ɗora haraji a kan darajar ƙasar kanta, a sauke shi daga kan gini da sana'a da gumin mutum. Haka kuma duk wata sana'a da ba ta yiwuwa sai da titin jama'a, kamar tarago da ruwa da wuta, ba a barin ta a hannun mutum guda, domin titi ɗaya ba ya ɗaukar layin dogo goma, wanda duk ya riga shimfiɗa nasa ya rufe ƙofa ga kowa.

Johnson ya sadu da George a 1885, ya zama almajirinsa, ya kuma riƙa ɗaukar nauyin yaɗa koyarwarsa. Amma kada mu yi masa kwalliya. Bai bar sana'arsa nan take ba. Ya ci gaba da tara dukiya ta hanyar babakere har wajen shekara goma sha biyar bayan haka, yana faɗa a fili cewa muddin doka ta halatta zai ci, amma zai yi iyakar ƙoƙarinsa a canja dokar. Masu sukarsa sun kira wannan fuska biyu, magoya bayansa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

George ne ya tura shi siyasa. Ya wakilci Cleveland a Majalisar Wakilan Amurka daga 1891 zuwa 1895 a jam'iyyar Democrat. A can ya ba mutane mamaki: ga mai masana'antar ƙarfe, wanda harajin kwastan ke kāre kayansa daga na waje, amma yana neman a soke harajin. A 1892 shi da wasu abokansa suka shigar da wani littafin George sukutum cikin kundin muhawarar majalisa, aka buga shi, aka aika wa jama'a kyauta ta gidan waya, kwafi fiye da miliyan ɗaya.

Cleveland a 1901

Cleveland tana bakin Tafkin Erie. Birni ne na ƙarfe da matatun mai, nan John D. Rockefeller ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870. Ƙidayar 1900 ta nuna mutum 381,768, ta 1910 kuwa 560,663. Kusan kashi ɗaya cikin uku baƙi ne da aka haifa a ƙasashen waje, akasari Turai. Attajirai na zaune a manyan gidaje a titin Euclid, leburori na cunkushe a unguwannin da yawancin gidajensu ba wurin wanka.

Johnson ya sayar da kamfanoninsa, ya tsaya takara a 1901 da alkawari uku: birni ya mulki kansa, kuɗin tarago ya koma santi uku maimakon biyar, haraji kuma ya zama na adalci. Santi ɗari ne dala ɗaya.

Yadda ya hau kujerar ma darasi ne. Majalisar birni mai barin gado ta zartar da dokar da za ta bar wa kamfanonin jirgin ƙasa wani yanki mai daraja na bakin tafki, saura magajin gari mai barin gado ya sa hannu. Johnson ya samo umarnin kotu na dakatarwa na ɗan lokaci. Al'ada ita ce sabon magajin gari ya jira kwanaki kafin ya karɓi aiki. Shi kuwa, da aka tabbatar da ƙuri'u ran 4 ga Afrilu, ya yi rantsuwa nan take, saura minti 37 wa'adin kotu ya cika, ya shiga ofis ya karɓi kujera. Dokar ba ta sami sa hannu ba.

Yadda Ya Tafiyar da Mulki

Abu na farko da za a lura da shi shi ne irin mutanen da ya jawo. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ɗauko matashin lauya Newton D. Baker, wanda ya zama lauyan birni. Ya ba Farfesa Edward Bemis hukumar ruwa, ya kuma tsaya masa sa'ad da 'yan jam'iyya suka taso suna neman a ba yaransu aiki. Bemis ya ɗauki ma'aikata bisa cancanta, ya sanya mita a gidaje, ɓarnar ruwa ta ragu, kuɗin da yawancin masu ƙananan gidaje ke biya ya sauka.

Sashen jin ƙai da gidajen yari ya ba wani malamin coci, Harris R. Cooley. Cooley ya tarar da mutane da yawa a tsare don kawai sun kasa biyan tara, alhali mai kuɗi da ya yi laifi iri ɗaya ya biya ya tafi gida. Aka sallami da dama daga cikinsu. Birni ya sayi fili wajen eka 2,000 a Warrensville, aka gina gidan gajiyayyu, da asibitin masu tarin fuka, da gidan horo inda fursunoni ke noma a sarari. Shugaban 'yan sanda, Fred Kohler, ya hana kama mutane kan ƙananan laifuffuka. Mashayi a raka shi gida, yaro a kai shi ga iyayensa. Yawan kamun ya sauka daga wajen 30,000 a 1907 zuwa wajen 10,000 a 1908. Gidajen caca kuwa, sai a tsayar da ɗan sanda cikin kaki a bakin ƙofa yana rubuta sunan duk mai shiga, har kasuwar ta mutu.

Bugu da ƙari, an gina gidajen wanka na jama'a a unguwannin talakawa. An cire allunan da ke hana taka ciyawa a lambunan shan iska, aka yi wa yara filayen wasa. Birni ya karɓi kwasar shara daga hannun 'yan kwangila, ya kafa duba nama da madara. A 1903 aka fitar da tsarin gine-ginen hukuma na tsakiyar birni, wanda Daniel Burnham da abokansa biyu suka zana.

Abu na biyu shi ne yadda ya ɗauki jama'a. Yana da wani ƙaton tanti mai cin dubban mutane, ana kafa shi unguwa-unguwa. A ciki yakan yi bayanin lissafin kamfanoni da na haraji dalla-dalla, sa'an nan ya buɗe fili kowa ya yi tambaya, har abokan hamayya. Ya kuma sa Peter Witt ya buɗe abin da aka kira makarantar haraji. Ana zana taswirar unguwa, a rubuta ƙimar da aka yi wa kowane fili, sai talaka ya gani da idonsa cewa an ƙiyasta ɗan gidansa kusa da ainihin kuɗinsa, na kamfanin da ke maƙwabtaka da shi kuwa an yi masa ƙima 'yar kaɗan.

Yaƙin Santi Uku

Wani zai ce, duk wannan faɗa a kan santi biyu? Mu yi lissafi. Mu ɗauka lebura yana samun dala ɗaya da rabi a yini. Zuwa da dawowa a kan santi biyar-biyar, santi goma ke nan, watau kashi ɗaya cikin goma sha biyar na guminsa. In aka mayar santi uku, ya tsira da santi huɗu kullum. A kwana 300 na aiki dala 12 ke nan, ladan kwana takwas cur. Daɗin daɗawa, araha ita ke ba shi ikon barin cunkoson bakin masana'anta ya kama haya inda akwai iska.

Johnson ya san santi uku za su isa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san kamfanoni na kumbura jarinsu a takarda, su rubuta abin da ya ninka kuɗin da suka kashe a kan dogo da taragu, sa'an nan su ce sai da santi biyar za su biya masu hannun jari. Ƙarfinsu duka yana ga izinin amfani da titi, wanda majalisar birni ke bayarwa na shekaru. Dabararsa ita ce ya ƙi sabunta izinin in ya ƙare, ya kuma ba wani sabon kamfani da ya yarda da santi uku.

Abokan hamayyarsa suka bi ta kotu da ta majalisar jiha. A 1902 Kotun Ƙolin Ohio ta rushe tsarin mulkin birnin, majalisar jiha ta yi sabuwar doka da ta rage ikon magajin gari ta rarraba shi ga wasu hukumomi. Ƙarin ƙimar haraji na miliyoyin daloli da aka yi wa kamfanoni, jiha ta soke shi. Wannan ya sa Johnson ya nemi kujerar gwamna a 1903, ya sha mummunan kaye da ƙuri'a fiye da 100,000. A birni kuwa jama'a ba su sake shi ba, suka sake zaɓensa a 1903 da 1905 da 1907. A zaɓen 1907 ya kayar da ɗan majalisa Theodore Burton, duk da goyon bayan da Shugaba Theodore Roosevelt ya ba Burton ɗin.

An fitar da umarnin kotu fiye da 50 don tsayar da aikin sabon layin. Duk da haka, ran 1 ga Nuwamba, 1906, taragon santi uku na farko ya tashi, magajin gari da kansa ne direba. A Afrilun 1908 tsohon kamfanin ya sallama, ya ba da hayar layukansa duka ga wani kamfani da aka kafa don ya riƙe su amana a madadin jama'a, tun da dokar jiha ta hana birni mallakar tarago.

Daga nan al'amari ya dagule. A watan Mayu ma'aikatan tsohon kamfanin suka shiga yajin aiki kan albashi da matsayi, aka yi tarzoma da fashe-fashe. Don kuɗi su isa, sababbin masu riƙo suka rage zirga-zirga a wasu layuka, fasinjoji suka fara gunaguni. A ƙuri'ar raba-gardama ta Oktoban 1908 shirin ya faɗi da ƙuri'a 605 kacal, kotu ta naɗa masu riƙo. A wannan shekara kuma bankin da ya kafa ya rufe, dukiyarsa ta ƙare, ya bar babban gidansa na titin Euclid. A Nuwamban 1909 Herman Baehr ya kayar da shi da 'yar tazara kaɗan. Ya rasu ran 10 ga Afrilu, 1911, yana da shekara 56, aka binne shi a Brooklyn kusa da kabarin malaminsa Henry George.

Abin da Ya Bari

In mun tsaya a nan, sai mu ce ya faɗi. Amma mu duba abin da ya biyo baya. Sulhun da Alƙali Robert Tayler ya tsara, wanda ya fara aiki a 1910, ya bar taragu a hannun kamfani, amma ya ƙayyade ribarsa ga kashi 6 cikin ɗari, ya ba birni ikon duba littattafansa, kuɗin mota kuma ya fara daga santi uku. A 1942 birni ya saye layukan gaba ɗaya. Baker ya zama magajin gari a 1912, a shekarar ce kuma aka gyara tsarin mulkin Ohio aka ba birane ikon tsara mulkin kansu. A 1914 aka buɗe babbar tashar lantarki ta birni, wadda Johnson ya yi ta fafutuka a kanta. A 1978 magajin gari Dennis Kucinich ya ƙi sayar da ita duk da matsin bankuna, har birnin ya kasa biyan bashinsa a watan Disamba, kuma har yau hukumar wutar tana hannun birni. Tun a 1905 ɗan jarida Lincoln Steffens ya ce ba birnin da ya kai Cleveland kyawun mulki a Amurka. Wani bincike na 1993 da ya nemi ra'ayin masana ya sa Johnson a matsayi na biyu cikin magadan garin ƙasar, bayan Fiorello La Guardia na New York.

Kurakuransa ma a fili suke. Ya riƙe jam'iyyarsa da ƙarfi, har wasu na ganin bai bambanta da iyayen gidan siyasar da yake suka ba. Ya mayar da santi uku tamkar rantsuwa, alhali farashi abu ne mai bin tsadar aiki. Ya kuma yi sakaci da ma'aikatan tarago, waɗanda ya kamata su zama na gaba cikin magoya bayansa. Jama'ar da ta bi shi shekara takwas ta gaji da shari'a, tana son mota ta zo a kan lokaci.

Kammalawa

Jama'a, darussa uku nake so mu tafi da su. Na farko, ma'aikacin da bai san lissafin ɗan kwangila ba, ba zai iya kāre dukiyar jama'a daga gare shi ba. Ƙarfin Johnson iliminsa ne na sana'ar, ba daɗin bakinsa ba. Na biyu, hukumar da ke kusa da jama'a ba ta iya aiki in ikonta da kuɗinta na hannun ta sama da ita. Wannan gardama ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, tun daga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan su kuɗinsu kai tsaye. Na uku, gyara ba ya tsayawa da ƙafafunsa sai an horar da magada, an kuma fahimtar da jama'a. An kayar da Johnson a akwatin zaɓe, amma mutanen da ya koyar a ofis da cikin tanti su suka ƙarasa aikin.

A dandalin tsakiyar Cleveland akwai mutum-mutuminsa da aka kafa a 1915, yana zaune riƙe da littafin Henry George. An ajiye shi a wurin da mutane suka saba taruwa su faɗi ra'ayinsu. Ni ma, bisa al'adar tantinsa, a nan zan tsaya in saurari tambayoyinku.